Masu Bincike Marasa Biro

A nan Nijar in aka ce biro, ofis ake nufi. Daga faransanci muka aro kalmar. Da ka tsallaka Jibiya ka ce a ba ka biro, abin rubutu za a miƙo maka. Mutanen da nake son in yi magana a kansu ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Amma ni a ganina, binciken kimiyya mafi girma da aka yi a jihar Maraɗi cikin shekara arba'in ɗin nan su suka yi shi, a gonakin ƙasar Tasawa da Mayahi da Agye, ba albashi, ba kuɗin furoje, ba kuma wanda ya ba su takardar izini.

Na san wani zai ce na cika baki. To, mu fara da kalmar kanta, tunda abin da nake karantawa ke nan. A ƙauyenmu, wanda yake tsakanin Tasawa da Mayahi, in ka ji an ce “masu bincike sun zo”, kowa ya san abin da ake nufi: farar mota, mutum biyu ko uku da hular rana, da takardar tambayoyi. Za a shimfiɗa musu tabarma a ƙofar maigari, a tara magidanta, a yi ta tambaya: gonarka nawa, dami nawa ka samu bara, bisashenka nawa. Su rubuta, su sha hura, su tafi. A wannan tsari aikin baƙo shi ne bincike, aikin ɗan gari kuwa amsa tambaya. Kalmar ta ƙanƙance har ta zama sunan sana'ar masu mota.

Alhali in ka tuɓe wa bincike rigarsa, abin da ya rage kaɗan ne. Mutum ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Ya yi zato. Ya gwada zaton ta hanyar da in ƙarya ne zai gane. Ya kwatanta, ya ƙirga, ya maimaita, sannan ya gaya wa wasu su ma su gwada. Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya yi bincike, ko da digiri ko da hauya. Bahaushe ya daɗe da taƙaita zancen: sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yadda gonaki suka zama fili

Sai an san yadda itatuwa suka ɓace sannan a gane girman abin da manoma suka yi. Tun dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, har zuwa dokarmu ta 1974, itace a Nijar kusan na hukuma ne. Akwai jerin itatuwan da aka hana taɓawa, gao yana ciki, kuma ko a gonarka ya tsiro, in ka sare reshe ba izini ma'aikacin gandun daji yana iya cin ka tara. Abin da ba naka ba kuma yana iya jawo maka tara, me zai sa ka rene shi? Gara ka kashe shi tun yana ƙarami. Ga kuma zamanin gyaɗa, lokacin da aka koya wa mutane cewa manomin ƙwarai shi ne mai gona fes, ba kututture ba toho. Sai ga farin 1973 da 1974, sai ga na 1984. Mutane suka ƙaru, saura ta ƙare, aka sassabe har bakin daji. Tsofaffinmu suna cewa a wancan lokaci in ka tsaya a bayan gari kana hango hayaƙin garin gaba, ba abin da ya tare maka ido. Iskar farkon damina kuwa ta kwaso rairayi ta binne shuka, ko ta yanke ta kamar da aska, sai a sake shuka sau uku ko sau huɗu.

Maganin da hukumomi da masu ba da agaji suka kawo shi ne dashe. Aka kafa wuraren renon itatuwa, aka kawo dogon yaro da turare a leda, aka kashe kuɗi masu yawa. Mafi yawansu suka mutu, wasu don ƙishirwa, wasu gara, wasu awaki.

A 1983 ne wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya tsaya ya dubi ƴan tohon da ke fitowa a gonaki, waɗanda kowa ke sarewa kowace bazara, ya gane cewa ba ciyawa ba ce: itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa, tana ta neman hanyar dawowa. In aka zaɓi toho mai ƙarfi aka bar shi, aka rage sauran, itace zai tashi da sauri, don ya riga ya mallaki saiwa mai zurfi. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare.

Nan ne wurin da nake son mu tsaya. Labarin da aka fi bayarwa a waje ya fi tsayawa kan Baturen, kuma ba mai hana shi yabonsa. Shi kansa ya sha faɗa cewa dabarar ba sabuwa ba ce. Amma ni sauran kashi ɗayan ne ya dame ni, wato waɗanda suka ƙi sarewa bayan abinci ya ƙare. Ba wanda ke biyan su. Maƙwabta suna yi musu dariya, ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona. Kuma tambayoyin da ke gabansu babu littafin da ya amsa su a lokacin. Toho nawa za a bari a kututture guda? Itace nawa gona za ta ɗauka kafin inuwa ta cuci hatsi? Wane itace ne abokin hatsi, wane ne kishiyarsa? Yaushe ake sassaƙe rassa? Tsuntsaye fa, ba za su samu masauki su cinye zangarniya ba? Waɗannan tambayoyin kimiyya ne, kuma a gona aka amsa su, ɗaya bayan ɗaya.

Igiya biyu

Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda suka ƙi sarewa. Bai yi lakwal ba, karatun allo ne kawai, shi ma bai yi nisa ba. A rumbunsa akwai wasu tsofaffin igiyoyin kaba guda biyu masu ƙulle-ƙulle, da ba ya yarda a ɗaure akuya da su. Wani hutu da na je gida ina tattara kalmomin noma don aikin makaranta, na tambaye shi labarinsu.

Ya ce, “Amarya, ke da kin tahi lakwal, hwaɗa mini: in mutum biyu sunka yi gardama kan gona, wa ka raba su?”

Na ce, “Maigari mana, Kaka.”

Ya ce, “A'a. Gonar ita ka raba su.”

Abin da ya yi shi ne, ya raba gonarsa ta jigawa gida biyu, gabas da yamma. Gabas ya sassabe ta fes kamar yadda aka saba. Yamma ya bar sabara da kalgo da ƴan gao. Iri guda ya shuka, rana guda, kuma bai kai taki ko ɗaya daga cikinsu ba, don kada, in ji shi, taki ya yi wa itace shaidar zur. Da kaka ta yi, kowane dami aka ɗaure sai ya yi ƙulli a igiyar ɓangarensa, ya bar tazara tsakanin shekara da shekara. Shekarar farko gabas ta ɗan fi. Abokansa suka ce to ka gani. Ya ce musu damina guda ba ta shaida. Ya ci gaba har damina biyar. Daga ta uku igiyar yamma ta fara wuce ta gabas, kuma a shekarar da iska ta yi yawa, sau ɗaya ya shuka yamma, gabas kuwa sai da ya maimaita.

Bai tsaya nan ba. Ya lura cewa inda ya bar toho da yawa a kututture guda, duk sukan tashi sirara, ba itacen kirki ba hatsin kirki, sai ya rage. Ya lura cewa gindin sabara yana tara ƙasa da ganye har ya yi ɗan tudu, kuma hatsin da ke kewaye da shi ya fi jure ƙishirwa in ruwa ya ɗauke. Kalgo kuwa, in ba a ɗage masa rassan ƙasa ba, yakan danne abin da ke ƙarƙashinsa. Tsuntsayen da ake tsoro sun zo, amma ɓarnarsu ba ta kai ta iska ba.

A aji an koya mana sunayen waɗannan abubuwa da faransanci: ɓangaren da ake gwaji a kai, ɓangaren da ake bari don kwatanci, hana wani dalili ya shigo ya ruɗa sakamako, maimaita gwaji. Kakana bai san sunan ko ɗaya ba, amma babu wanda ya tsallake. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A kowane gari akwai irinsa, kuma sakamakon yana yawo ta hanyar da ya saba yawo: a kasuwar Tasawa, a wurin suna da zaman makoki, a bakin rijiya, a bakin ɗan ci-rani da ya ga gonar wani a hanya ya tsaya ya yi tambaya. A nan ake tace shi ma, don manomi ba ya karɓar zance sai ya je ya ga gonar da idonsa. Gani ya kori ji.

Har suna aka raɗa wa abin: sassabin zamani. Sunan yana ba ni dariya, yana kuma burge ni. Sassabe dai share gona ne. Sai aka ɗauki kalmar sarewa aka ɗora wa aikin bari. Aka kuma liƙa masa “zamani” don ya samu farin jini, alhali barin gao a gona ya girmi kakan kakana. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gao. Mutanen da sun san cewa gao yana zubar da ganye da damina, lokacin da hatsi ke son rana, ya yi ganye da rani, lokacin da bisashe ke son inuwa da abinci.

Shekara ashirin ba a gani ba

Abin mamaki, wannan aiki ya yi kusan shekara ashirin yana yaɗuwa manyan hukumomi ba su san girmansa ba. Rahotanni suna ta cewa hamada tana cin Nijar. Sai wajen 2004 zuwa gaba ne masu bincike irin su Chris Reij na ƙasar Holan, da Gray Tappan na Amurka, da Mahamane Larwanou ɗan ƙasarmu, suka bi ƙauyuka, suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na wannan zamani. Lissafin da suka fitar ya girgiza mutane: kimanin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi da aka ƙiyasta ya kai tan dubu 500 a shekara.

Yaya aka yi itace miliyan 200 ya ɓuya? Saboda ma'aikata abin da aka dasa suke ƙirgawa. Akwai gurbin “itatuwan da aka raba” a takarda, babu gurbin “itatuwan da manomi ya ƙi sarewa”. Abin da ba shi da gurbi a takarda kuwa, a idon ofis bai faru ba. Doka ma daga baya ta biyo: sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince cewa wanda ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. Manoma suka yi gaba, doka ta bi sawu.

Zancen sabara ma haka. A 2018 wasu masu bincike da suka yi aiki a Senegal suka wallafa sakamakon da ya nuna cewa saiwar sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa, da dare ta sake shi a sama-sama, hatsin da ke kusa ya sha. Sun yi aiki mai kyau, da na'urorin da za su iya bin sawun ruwan daga saiwa zuwa kara. Sun faɗi yadda abin yake faruwa. Amma cewa yana faruwa, igiyar yamma ta riga ta faɗa.

Sunan da ya rage a jikin iri

Ba maza kaɗai ke wannan aiki ba, ba kuma a kan itace kaɗai ba. Gwaggona, kafin a fara girbi, takan shiga gona ita kaɗai da wuƙa, ta zaɓi zangarniyar da za a ajiye don iri. Ba ta ɗaukar ta bakin gona, don ta ce wannan ta ci gatan fili ne, ba halinta ba ne. Tana duba tsawo, da cikar ido, da wadda ta nuna da wuri, da wadda tsutsa ba ta taɓa ba. Kafin shuka takan jiƙa ƙwaya kaɗan a tsumma ta ga nawa za su tsiro. Wake kuwa ta gwada ajiye shi da toka, ta gwada da rairayi mai laushi, a tukwane daban-daban, ta buɗe bayan watanni ta ga wanda ƙwari suka fi ci. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Irin hatsin da muke ci yau sakamakon zaɓen ɗaruruwan shekaru ne na mata da maza irinta.

Ga shaidar da ta fi burge ni a matsayina na ɗalibar harshe. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975 kuma take da babbar tasha a Tarna kusa da Maraɗi, ta fitar da irin hatsi da ake kira Zatib. Mutane da yawa suna zaton sunan Turawa ne. Taƙaitawa ce ta Zanfarwa da Tchinin Bijini, kamar yadda ake rubuta su a takardun faransanci: sunayen iri biyu na manoma. HKP ma, wanda ake rabawa ko'ina, harufan farko na “hayni kire” ne, wato jan hatsi da zabarmanci, da kalmar faransanci mai nufin saurin nuna. Masana sun gyara, sun tace, sun daidaita, kuma aikinsu ya yi amfani. Sai dai a kan ginin wasu suka ɗora. Sunan irin ya tsira a cikin harufa, sunan waɗanda suka zaɓe shi ya ɓace.

Harshen kansa rumbu ne na irin wannan sani. Manomin Mayahi ba ya cewa “ƙasa” kawai. Akwai jigawa, mai rairayi, mai sauƙin noma, mai karɓar ruwa kaɗan ta ba da amfani. Akwai geza, mai tauri, wadda ruwa ke gudu a kanta, amma in damina ta yi kyau ta fi jigawa albarka. Akwai fadama. Kowace kalma tana ɗauke da hukunci: me za a shuka, yaushe, da wane kayan aiki. A kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, itace guda yana da suna fiye da ɗaya: kaba in yana ƙasa ana yankar ganyensa don tabarma da igiya, goruba in ya tashi ya yi ƴaƴa, ƙodago kuma ƙwallon ciki. Masu yankan kaba sun san cewa in aka matsa wa kan tohon da yanka, ba zai taɓa zama goruba ba. Ko shekarun yunwa suna da sunaye, kamar El Buhari ta 1984, da ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Sunan kaɗai ya gaya maka cewa mutane sun gane ba rashin ruwa ne kawai ya kawo wahalar ba. A 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa. Har yau ana amfani da shi, kuma sunansa ne a bango. Wa ya nuna masa tsirran?

Abin da mai zaman kansa ya fi ofis

Ina ganin abu uku ne. Na farko lokaci. Furoje shekara uku ne ko biyar, daga nan a rubuta rahoto a rufe. Gao kuwa bai san da wannan ba. Sai ya shekara goma ko fiye kafin ya nuna halinsa sosai. Wanda zai mutu a gonar, ɗansa ya gada, shi ke da haƙurin irin wannan gwaji.

Na biyu, kuskure a jikinsa yake ƙarewa. Ma'aikacin da ya ba da shawarar da ba ta yi ba, albashinsa na nan ƙarshen wata. Manomin da ya yi kuskure rumbunsa ne zai faɗa masa tun kafin bazara. Wannan yana sa mutum ya yi gwaji a ɗan yanki tukuna, ya kuma faɗa wa kansa gaskiya. Ba ka iya yi wa tukunyar gidanka rahoton ƙarya.

Na uku ƴancin tambaya. A ofis, sau da yawa mai ba da kuɗi shi ke kawo tambayar. Shekaru aka yi ana tambayar wane itace za a dasa, don kuɗin dashe ne aka bayar. Tambayar ko akwai bukatar dashen ma, daga gefen hanya ta fito.

Kuma ba a kanmu aka fara ba. Gregor Mendel, wanda ake kira uban ilimin gadon halitta, limamin coci ne da ya yi shekaru yana haɗa irin wake a lambun gidan ibadarsu. Ya buga sakamakonsa a 1866, manyan masana ba su waiwaye shi ba sai 1900, bayan ya mutu. Yakuba Sawadogo na ƙasar Burkina Faso manomi ne da ya gyara tsohuwar dabarar ramukan zai, ya faɗaɗa su ya zuba taki, aka ce ya haukace. A 2018 aka ba shi babbar kyautar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin, shekara guda da Rinaudo. Kyautar ta yi daidai. Sai dai babu dandalin da zai ɗauki manoman Maraɗi da Damagaram su hau su karɓi tasu.

Inda ido ba ya kaiwa

Kada wani ya karanta wannan ya ce ɗalibar jami'a tana zagin jami'a. Akwai abin da igiya ba ta iya ƙirgawa. Kakana ya san gonarsa da ta maƙwabtansa, amma miliyan 200 sai daga sama ake ganin ta, kuma sai da aka gan ta sannan duniya ta saurara. Murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi ta bar ta kamar an yi mata zane, manoma sun san ta sarai, sun san ta fi kama wanda ya fitar da kai da wuri. Amma ɗan ƙaramin ƙwaron da ke kashe ta, wanda masana irin su Ibrahim Baoua suka yi ta renonsa a Maraɗi ana sa shi a ƙananan buhunan algarara ana ratayewa a ƙauyuka, wannan sai da ɗakin gwaji da madubin ƙara girma. Kuma ba duk abin da tsoho ya faɗa ne gaskiya ba. Akwai wanda aka gwada, akwai wanda aka gada kawai ba a taɓa gwadawa ba, akwai camfi tsantsa. Girmama mai binciken gona shi ne a ɗauki maganarsa da nauyin da za a iya gwada ta, a ce masa ta yi ko ba ta yi ba, kamar yadda ake yi wa kowane masani. Tafa masa hannu a taro a ba shi goro ba girmamawa ba ce.

An ga inda haɗuwar ta yi kyau. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitinsu na tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a ciki, suka tsara dokokinsu, masana kuma suka zo suka zauna da su ana gwaji tare, har garin ya zama wurin da ake kawo baƙi daga wasu ƙasashe su koya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babban raunin binciken gona shi ne ba ya da rubutu. Yana zaune a ka, kai kuma yana shiga ƙasa. Igiyoyin kakana, in ba shi, igiyoyi ne kawai. Ranar da ya kau wani zai ɗaure akuya da su. Samarin garinmu da yawa hankalinsu yana Agadas ko Libiya ko Kano, kuma ban ga laifinsu ba, amma wanda ya tafi yana da shekara goma sha bakwai bai kai ga jin dalilin da ya sa ake barin toho kaza a sare kaza ba. Ya ga aikin, bai ji hujjar ba. In hujja ta ɓace, aiki ya zama al'ada, al'ada kuma da an samu mai farar mota ya ce a bari, sai a bari. Haka aka yi aka share gonaki a karon farko.

Abin da ya rage namu

Ƴan uwana na wannan ƙungiya, mu ne muke da biro, aƙalla irin na Jibiya. Yawancinmu ƴaƴan manoma ne, muna jin harshen da ake wannan bincike da shi, muna kuma iya rubuta shi. Baƙo sai da tafinta, tafinta kuwa yakan mayar da geza da jigawa duk su zama “ƙasa”. Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar kuɗin kowa.

In kun je hutu, ku nemi mutumin da ake cewa yana da ƙa'ida ko taurin kai a kan gona, ko matar da ake zuwa wurinta neman iri. Kada ku tafi da takardar tambayoyi. Ku bi su gona. Ku tambayi me suka gwada, me suka kwatanta da me, damina nawa, me ya ba su kunya. Wanda bai yi ba ma ku rubuta shi, don yana hana wani maimaita wahala. Ku rubuta da hausar da aka faɗa, da “munka” da “tahi” ɗinta, kada ku gyara ta ta koma ta rediyo. In sun yarda, ku sa sunansu da na garinsu da shekara a saman takarda, a wurin da ake sa sunan marubuci, naku ya zo a ƙasa. Sannan ku karanta musu abin da kuka rubuta su gyara, ku bar kwafi guda a garin.

Injin da ya buga wannan ɗan littafi zai iya buga wancan. In mu goma sha biyar muka kawo shafi huɗu-huɗu bayan hutun damina, mun samu shafi sittin da babu su a kowane ɗakin karatu na ƙasar nan. Ni na fara da igiya biyu, kuma mai su ya ce in gaya muku ƙofarsa a buɗe take, amma duk mai zuwa ya zo da safe, don da hantsi shina gona.